Yadda Kwarin Silikon Ya Koyi Kamun Ƙafa

Tun ba a san wani abu wai shi kwamfuta ba, jihar Kalifoniya ta taɓa zama a tafin hannun kamfani guda. Kamfanin jirgin ƙasa ne, Southern Pacific. Ɗaya daga cikin iyayen gidansa, Leland Stanford, ya haɗa kasuwa da mulki: ya yi gwamnan jihar daga 1862 zuwa 1863, shi ya buga ƙusar zinariyar da ta haɗe layin dogon gabas da na yamma a 1869, sannan ya tafi Majalisar Dattawa a 1885. Abokin cinikinsa Collis Huntington shi ke kamun ƙafa a Washinton. Da wata shari'a ta fito da wasiƙunsa fili a 1883, jama'a suka karanta yadda yake lissafin 'yan majalisa da kuɗin da kowace doka za ta ci, kamar mai taya shanu a kara.

Sai a 1910 aka sami wanda ya ja da kamfanin ya kai labari. Hiram Johnson ya ci zaɓen gwamna da alkawarin korar Southern Pacific daga siyasar jihar, kuma a 1911 masu zaɓe suka amince da wani sabon makami: idan majalisa ta ƙi yin doka, talakawa na iya tara sa hannu su kai batun ƙuri'ar raba gardama, su kafa dokar da kansu. An ƙera makamin ne don karya 'yan kasuwa. Za a ga hannun wanda ya faɗa daga baya.

Stanford ya bar gona mai faɗi a Palo Alto, inda shi da matarsa suka kafa jami'a da sunan ɗansu da ya rasu. A kewayen jami'ar nan, cikin lambunan 'ya'yan itace na yankin da daga baya aka kira Kwarin Silikon, aka fara ƙera na'urori. Hewlett da Packard sun soma a garejin mota a 1939, jami'ar ta yanka fili ta bai wa kamfanoni haya daga 1951, kuma ita gwamnatin tarayya ce babbar mai saye. Rundunar soja da hukumar sararin samaniya su suka kwashe ƙananan sassan lantarki na farko don makamai masu linzami da kumbon Apollo, kuma intanet ɗin kanta daga wani shirin ma'aikatar tsaro ta samo asali a 1969. Duk da haka, 'ya'yan wannan kwari sun taso da wata aƙida: su masu ƙirƙira ne, Washinton kuwa matattarar surutu ce da takardu. Wanda ya sha nonon gwamnati ya girma yana cewa bai san ta ba. A Fabrairun 1996 marubuci John Perry Barlow ya rubuta wata sanarwa daga Davos yana shelanta cewa duniyar intanet ta sami 'yancin kanta, gwamnatoci ba su da hurumi a cikinta, kuma aka yi ta yaɗa ta kamar wasiƙar albishir.

Abin dariyar shi ne, a wannan makon ne Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar sadarwa da ke ɗauke da sashe na 230, wanda 'yan majalisa Chris Cox da Ron Wyden suka tsara. Kalmomi 26 ne zuciyar sashen, kuma ma'anarsu ita ce ba za a kama shafin intanet da laifin abin da wani ya wallafa a kansa ba. A kan wannan ginshiƙi aka gina Facebook da YouTube da Twitter. Babbar kyautar da kwarin ya taɓa samu, gwamnatin da yake rainawa ce ta ba shi, kusan ba tare da ya roƙa ba.

A shekarar ce kuma ya fara ɗanɗana siyasa, ba don sha'awa ba. Lauyoyi sun kawo wani ƙuduri mai lamba 211 gaban masu zaɓen Kalifoniya, wanda zai sauƙaƙa wa masu hannun jari kai shugabannin kamfanoni ƙara idan farashi ya faɗi. John Doerr, mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya bi takwarorinsa ofis-ofis yana tara kuɗi. Ƙudurin ya sha mugun kaye, kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka ƙi shi. A 1997 Doerr da John Chambers na Cisco da Jim Barksdale na Netscape suka kafa ƙungiyar TechNet, don kada a sake yi musu ba-zata.

Amma makarantar gaske Microsoft ne ya shige ta, shi da ma ba ɗan kwarin ba ne, yana can arewa kusa da Seattle. A 1995 kamfanin da ke juya kusan kowace kwamfutar tebur a duniya yana da mai kamun ƙafa guda ɗaya tal a Washinton, Jack Krumholtz, wanda aka ba shi kujera a ofishin tallace-tallace na bayan gari. Don gudun cunkoson hanya, yawancin aikinsa a cikin motarsa ƙirar Jeep yake yi da wayar salula. Abokan hamayya kuwa, irin su Netscape da Sun da Oracle, sun riga sun san ƙofofin. A Maris 1998 aka gayyaci Bill Gates gaban kwamitin Majalisar Dattawa, a Mayu ma'aikatar shari'a da jihohi 20 suka maka kamfanin a kotu kan zargin babakere, a Yunin 2000 kuma alƙali Thomas Penfield Jackson ya yanke hukuncin a raba shi biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, aka sasanta da sabuwar gwamnatin George Bush. Kafin a kai nan Microsoft ya ga uwar bari. Ya ɗauki kamfanonin kamun ƙafa, ya shiga sahun manyan masu ba jam'iyyu gudummawa, har aka kama shi a 1999 yana ƙoƙarin sa majalisa ta rage kasafin kuɗin sashen da ke tuhumarsa.

Gemun Microsoft ya kama da wuta, Google ya shafa wa nasa ruwa. Shi ma da mutum ɗaya ya buɗe ofis a Washinton a 2005, amma bai jira sammaci ba. Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta bincike shi, ta rufe binciken a Janairun 2013 ba tare da kai ƙara ba. A 2017 ya kashe kimanin dala miliyan 18 a kamun ƙafa, fiye da kowane kamfani guda a Amurka, ya wuce na mai da na makamai da na magunguna.

Duk wannan kamun ƙafa ne, wato bin wanda ya riga ya hau kujera. Sayen kujerar tun daga filin zaɓe wani abu ne daban, kuma doka ta daɗe da toshe hanyarsa: tun 1907 aka hana kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi kai tsaye. Kotun Ƙoli ce ta ɓalle wata ƙofa a gefe. A ranar 21 ga Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa kashe kuɗi don faɗin ra'ayin siyasa yana cikin 'yancin magana, don haka ba za a iyakance shi ba muddin ba a haɗa baki da ɗan takara ba. Wata kotun ta ɗora a kai bayan wata biyu, aka haifi abin da Amurkawa ke kira Super PAC: asusu ne da kowa zai iya zuba masa ko nawa ne, ya sayi tallace-tallace don ɗaga wani ko kayar da wani. Sharaɗin rashin haɗa baki yana nan a takarda. A aikace sau da yawa tsoffin yaran ɗan takarar ne ke riƙe da asusun.

Kafin kwarin ya ƙware a wannan, sai da ya gwada tsohon makamin Hiram Johnson. A 2019 majalisar Kalifoniya ta yi dokar da za ta tilasta wa Uber da Lyft su ɗauki direbobinsu a matsayin ma'aikata masu albashi da haƙƙoƙi. Kamfanonin, tare da DoorDash da Instacart, suka tsallake majalisa suka kai batun ƙuri'ar raba gardama a 2020. Sun kashe sama da dala miliyan 200, abin da ba a taɓa kashewa kan ƙuduri guda a jihar ba har zuwa lokacin, kuma suka yi amfani da manhajarsu wajen aika wa fasinja da direba saƙon kamfe kai tsaye. Ƙuduri mai lamba 22 ya wuce da kusan kashi 59 cikin ɗari. Wuƙar da aka wasa don layin dogo, masu manhajar tasi suka yanka da ita.

Masu kuɗin kirifto ne suka kammala darasin. Gwajinsu na farko ya ƙare a kunya: Sam Bankman-Fried ya raba kimanin dala miliyan 40 a zaɓen 2022, kamfaninsa FTX ya durƙushe kwanaki kaɗan bayan zaɓen, shi kuma ya sami ɗaurin shekara 25. Kowa ya ɗauka sana'ar ta mutu a siyasance. Sai Coinbase da Ripple da kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz suka haɗa asusun Fairshake, mai reshe ɗaya na 'yan Democrat, ɗaya na 'yan Republican. Ba ruwansa da jam'iyya, tambaya ɗaya yake yi: kana tare da mu ko ba ka tare da mu?

A zaɓen fidda gwani na Maris 2024 ya zuba kusan dala miliyan 10 a kan Katie Porter, 'yar majalisar da ke neman kujerar sanata a Kalifoniya. Tallace-tallacen ba su yi maganar kirifto ba, halinta da gaskiyarta suka yi ta suka. Ta zo ta uku. Mai yiwuwa da ma ba za ta ci ba, domin abokin takararta Adam Schiff yana gabanta tun farko, amma ba ita kaɗai aka yi wa kashedin ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Ohio kuma aka kashe kusan dala miliyan 40 don ɗaga Bernie Moreno a kan Sherrod Brown, shugaban kwamitin bankuna na Majalisar Dattawa kuma mai yawan sukar kirifto. Brown ya faɗi. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar GENIUS, irin dokar da masu sana'ar suka daɗe suna nema. Sanatocin da jiya ba sa son a gan su da ɗan kirifto suka wayi gari suna fahimtar fasahar sosai.

A zaɓen 2024 ne kuma Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 don Trump da 'yan jam'iyyarsa, har da rabon miliyan ɗaya kowace rana ga masu rajistar zaɓe da suka sa hannu a wata takardarsa. Mataimakin shugaban ƙasa JD Vance kuwa, dala miliyan 15 na attajiri Peter Thiel ne suka taimaka masa ya zama sanata a 2022. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a fassara masa kalmar ubangida.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo wannan fili ne ta wata hanya mai ban mamaki, domin masu ita ne suka fara neman a sa musu linzami. Wata shida bayan fitowar ChatGPT, a ranar 16 ga Mayun 2023, Sam Altman na OpenAI ya zauna gaban sanatoci ya ba da shawarar a kafa hukuma mai ba da lasisi ga manyan manhajoji, ta kuma ƙwace shi idan an saɓa. Sanatoci suka yi ta yaba masa, don ba su saba ganin ɗan kasuwa yana roƙon doka ba. Masu shakka suka ce wanda ya riga ya shiga ɗaki ne ke son a rufe ƙofa. Majalisar dai ba ta yi komai ba. Shugaba Joe Biden ya fitar da umarni a Oktoban 2023, Tarayyar Turai ta kafa tata dokar da ta fara aiki a Agustan 2024, Trump ya soke umarnin Biden a ranar da ya sha rantsuwa. Da Altman ya koma majalisa a Mayun 2025, sai ya ce tilasta neman izinin gwamnati kafin sakin manhaja zai zama bala'i ga Amurka. Tsakanin zaman biyu an zuba biliyoyin daloli a sana'ar, kuma kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya girgiza kasuwa.

Da tarayya ta yi shiru, jihohi suka ɗauka. Sanatan jihar Kalifoniya Scott Wiener ya kawo ƙuduri mai lamba 1047 a 2024, wanda ya shafi manhajojin da horar da su ya ci sama da dala miliyan 100: a gwada su kafin a sake su, a tanadi hanyar kashe su idan sun ƙwace, kamfani ya ɗauki alhaki idan sakacinsa ya jawo babbar ɓarna. Rigimar ta raba gida. Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio, waɗanda ake yi wa kallon iyayen fasahar, suka goyi baya, Musk ma haka. OpenAI da Meta da Andreessen Horowitz suka ƙi, 'yar majalisar tarayya Nancy Pelosi ta bi su. Anthropic ya nemi gyare-gyare, da aka yi wasu ya ce amfanin ƙudurin ya fi illarsa. Majalisar jiha ta amince, Gwamna Gavin Newsom ya hau kujerar naƙi a ranar 29 ga Satumba.

Daga nan dabarar ta canja. Maimakon a bi jihohi 50 ɗaya bayan ɗaya ana kashe wuta, sai a ɗaure hannunsu gaba ɗaya. A Mayun 2025 Majalisar Wakilai ta cusa wani sashe cikin babban ƙudurin haraji na Trump, wanda zai hana kowace jiha aiwatar da dokar ƙirƙirarriyar basira har shekara goma. Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce: an gabatar da ƙudurori sama da dubu a majalisun jihohi a shekarar, kuma ƙaramin kamfani ba zai iya ɗaukar lauyan kowace jiha ba, alhali ana tsere da Sin. Lagon hujjar shi ne babu wata dokar tarayya da za ta maye gurbin na jihohin. An ce a cire linzami hamsin, ba a kawo ko ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar kuɗi. Manyan lauyoyin gwamnati na jihohi 40, daga jam'iyyun biyu, suka rubuta takardar ƙin amincewa. Gwamnonin Republican 17 suka bi sahu. Sanata Marsha Blackburn ta Tennessee, jihar mawaƙan Nashville da ta yi dokar kare muryar mawaƙi daga kwaikwayon na'ura a 2024, ta fara sasantawa da Sanata Ted Cruz a kan shekara biyar, sannan ta janye. Da asubahin 1 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a: 99 suka ce a cire sashen, Sanata Thom Tillis shi kaɗai ya ce a bar shi. Wata uku kafin nan ma, Musk da ƙungiyoyinsa sun zuba sama da dala miliyan 20 a zaɓen alƙalin kotun ƙolin Wisconsin, ɗan takararsu ya sha kaye da tazarar kusan kashi goma. Kuɗin nan sun fi cizo inda jama'a ba su damu da batun ba, kamar kirifto. Inda iyaye ke tsoron abin da manhajar hira ke gaya wa 'ya'yansu, ko magidanci ke ganin kuɗin wuta na hawa saboda rumbunan kwamfuta da aka gina a garinsu, sai ciniki ya yi wuya.

Waɗanda suka sha kaye ba su koma gida ba, littafin Fairshake suka buɗe. A Agustan 2025 aka ƙaddamar da Leading the Future da sama da dala miliyan 100, daga Andreessen Horowitz, da Greg Brockman na OpenAI, da Joe Lonsdale, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Palantir, da wasu. Ɗaya daga cikin jagororinsa biyu, Josh Vlasto, shi ne kakakin Fairshake a lokacin. Meta ya buɗe nasa asusu biyu, ɗaya don Kalifoniya, ɗaya don sauran jihohi. A ƙarshen Satumba Newsom ya sa hannu a kan sabon ƙudurin Wiener mai lamba 53, wanda aka rage wa kaifi: manyan kamfanoni su wallafa tsarinsu na kariya, su kai rahoton haɗari ga hukumar agajin gaggawa ta jihar, kada su hukunta ma'aikacin da ya tona asiri, tarar kuma ba ta wuce dala miliyan ɗaya kan kowane laifi.

Wanda aka zaɓa don ya zama Katie Porter ta wannan karon shi ne Alex Bores, ɗan majalisar jihar New York da ya fito neman kujerar tarayya daga Manhattan, wanda ya ɗauki nauyin dokar RAISE ta jihar kan ƙirƙirarriyar basira. Bores ba baƙo ba ne a sana'ar: ya yi digiri a ilimin kwamfuta, ya yi aiki a Palantir. Tallar da aka yi a kansa ta zarge shi da samun kuɗi a wannan kamfani mai yi wa hukumar korar baƙin haure aiki, alhali ɗaya daga cikin masu biyan kuɗin tallar yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Shi kuma Bores ya mai da harin jari, yana tara gudummawa da sunan mutumin da attajiran fasaha ke tsoro.

A ranar 11 ga Disambar 2025 Trump ya yi da alƙalami abin da Majalisar Dattawa ta ƙi yi da ƙuri'a. Ya umarci ma'aikatar shari'a ta kafa rundunar lauyoyi don ƙalubalantar dokokin jihohi a kotu, ya kuma yi barazanar riƙe wa jihohin da suka ƙi ji kuɗin shimfiɗa intanet. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Kathy Hochul ta New York ta sa hannu a kan dokar RAISE, bayan an daidaita ta ta yi kusa da ta Kalifoniya. Ɗaya ɓangaren ma ya haɗa nasa asusun: tsoffin 'yan majalisa biyu, Chris Stewart na Republican da Brad Carson na Democrat, suka kafa Public First don tallafa wa 'yan takarar da ke son a yi doka, kuma a Fabrairun 2026 Anthropic ya sanar da ba su dala miliyan 20. Waɗanda suka kafa Anthropic tsoffin ma'aikatan OpenAI ne da suka ɓalle, kuma hedikwatar kamfanonin biyu duk a cikin San Francisco take, 'yan mintoci kaɗan a mota tsakaninsu.